Tulun da Aka Fasa a Ƙofar Malam Harilaos

Ranar askin tumaki aka yi satar. Duk mai ƙafa a ƙauyen Furniyana ya hau dutse tun da safe, maza da almakashi, mata da tukwane, Fada Anestis, limamin coci, a kan jakinsa don ya sa wa garke albarka. Har Malam Harilaos, wanda bai san gaban tunkiya da bayanta ba, ya bi su don ya saurari waƙoƙin da ake yi bayan an ci nama. Da la'asar da ya sauko, ya tarar da ƙofar ɗakin aikinsa a buɗe, dokin ƙofa da danshi, ga tsingaron tulu warwatse. A bango kuwa, inda fuskokin aro na wasansa ke rataye a jere, ƙusa ɗaya ta zauna tsirara.

Shi Malam Harilaos a birnin Atina ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tsohon Girkanci. Ya rubuta wani ƙaton littafi a kan wasan kwaikwayon mutanen dā da abin da masu falsafa suka faɗa a kansa. Manyan malamai ba su yaba ba, ba su zaga ba, don ba su buɗe shi ba. Abin da ya dage a kai shi ne, wai daga kukan makoki na matan ƙauye wasan ya samo asali, kuma wai daga fuskokin mutanen gari ake ɗaukar siffar fuskar aro, shi ya sa take girgiza mai kallo. Da ya gaji da magana da bango, ya dawo gidan ubansa ya ce zai nuna a aikace. Ya tara samari yana koya musu wasa a tsohuwar masussuka, ya sa ranar Lahadi za a nuna wa jama'a. Fuskar da aka ɗauke ta jarumin wasan ce.

Kafin rana ta faɗi, shagon gahawa ya yanke hukunci.

"Wa ba a gani a dutse ba?" in ji Babis ɗan tireda, yana sakace haƙori. "Makaho Lefteris, sai Inna Garifaliya da ba ta zuwa biki tun da teku ta cinye ɗanta. Sai wa kuma?"

Ba wanda ya ambaci sunan, don kowa ya san shi. Sifis ne, makiyayin da sau biyu ana kama shi da tumakin da ba nasa ba. Sajen jandarma ya riga ya gargaɗe shi cewa ƙara ɗaya ta rage a tura shi tsibirin da ake jefa ɓarayin dabbobi, garkensa ya watse, matarsa ta ji da yara huɗu. Malam kuwa, cikin zafin rai, ya riga ya buga waya bariki. Saje ya ce zai hauro gobe kafin azahar.

Baffa Rusos yana zaune a gefe yana saurare. Shi ne mai bin sawu na wannan yanki. In aka kore wa mutum garke, shi ake kira ya bi shi dutse bayan dutse har garin da aka kai shi. Shi kuma ya riƙe ɗiyar Sifis ranar baftisma, wanda a wurinmu ya fi haɗa jini nauyi. Amma ba wannan ne ya tashe shi daga kujera ba. Tambaya ce ta tsaya masa a wuya: me ɓarawon tumaki zai yi da fuskar ƙyalle da danƙo? Ba ta cuku, ba ta ulu.

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Ƙofar Malam ta zama kasuwa. Rusos ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da aiki. Akwai wanda bai taka ba tukuna? Ya zo ya taka, kada a bar shi a baya."

Suka ja da baya suna sunkuyar da kai. Ya durƙusa ya tsince tsingaron duka, ya ƙulle a hankicinsa. A ransa ya ce ɓarawo ya yi tuntuɓe da tulu garin sauri. A cikin ɗaki ba a taɓa kome ba, har tsofaffin kuɗin azurfa da manoma kan tono su kawo wa Malam suna nan a faranti.

Sai a kwanar maɓuɓɓuga, inda ƙasa ke da laushi, ya sami abin karantawa. Takalmin makiyayi ne mai tafin tayar mota, da faci a diddigen hagu. Rusos ya runtse ido. Shi da kansa ya ba Sifis wannan guntun tayar.

Amma ya daɗe a tsugune, don sawun bai yi masa daidai ba. Sifis dogo ne, takunsa ɗaya biyun na mutane. Nan kuwa taku ne gajeru, diddige kusa da yatsa, kamar na mai bin amarya. Kuma sawun bai nufi dutse ba, inda duk mai gudu da kayan mutane zai nufa. Ya zagaya ta gaban coci, doguwar hanya, sannan ya hau daɓen duwatsu ya ɓace.

Yana miƙewa sai ga Inna Garifaliya ta zo ɗibar ruwa da gwangwanin man zaitun, baƙin mayafinta har goshi.

"Matar Stratis, kina gari yau. Ba ki ga kowa ba?"

"Ni ina ganin mutane ne, Rusos?" Muryarta ta dishe, da ƙyar ta fito.

"Mura ce?"

"Tsufa ne."

Ta cika gwangwaninta ta wuce.

*

Fada Anestis ne Rusos ya fara zuwa gani, don Lahadi biyu a jere yana zagin fuskokin a kan mumbari, yana cewa gumaka ne. An kuma ga ya bar dutse da wuri. Rusos ya same shi a zaune da ƙafa cikin kwanon ruwan gishiri.

"Ka yi mini albarka, Fada."

"Allah ya yi maka. Ka zo ka ga ko na ɓoye gunki a ƙarƙashin riga? Ga abin da ya sauko da ni." Ya ɗaga babban yatsansa da ya kumbura kamar albasa. "Kuma ka ji, da ni ne, da ban ɗauki guda ba. Da na kwashe su duka na dafa gahawa da su, na kira Harilaos ya sha."

"Ba ka ga kowa a hanya ba?"

"Ko kare. Sai dai na tarar da kyandir ɗaya yana ci a coci. Na ce to, ashe akwai wanda ya tuna da Allah a ranar cin nama."

"A gaban wane waliyyi?"

"Ba a gaban waliyyi ba. Can a tiren yashi na bakin ƙofa." Fada ya ɗaga gira. "Me ya sa?"

"Ba kome. Sifis dai ban taɓa jin ya sayi kyandir ba."

"Wannan? Ranar aurensa ma aro ya yi."

Daga nan sai wurin Babis, wanda an ga sawun babur ɗinsa a gari da tsakar rana. Kowa ya san sana'arsa: ya sayi sabuwar tukunya, ya binne ta a kashin awaki wata biyu, ya kai birnin Haniya ya sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido a matsayin ta zamanin dā.

"Haba Baffa, giya ta ƙare a dutse aka aiko ni. Tambayi duk wanda ya bugu."

"An ce ka taɓa taya fuskokin."

"Na taya mai gemun nan, da mai ƙaton bakin da ke tsorata yara. Su Turawa ke so. Wadda aka ɗauka kuwa ko kyauta ba na so. Saurayi ne kawai, irin wanda za ka gamu da shi a bakin rijiya ka ce ina gajiya. Wa zai ba ni drakma a kanta?"

"Kai dai ba ka da kunya."

"Kunya ba ta shiga babur, Baffa."

Rusos ya tafi gida yana juya maganar. Ɗan iskan ya faɗi gaskiya ba da niyya ba: wanda ya ɗauki fuskar ba don ta sayu ya ɗauka ba.

*

Da sassafe ya hau zuwa garken Sifis. Ya same shi yana tatsa.

"Uban ɗiyata! Zauna, ga cuku sabo."

"Ajiye cukunka. Me ya hana ka zuwa aski?"

"Wa ya gayyace ni? Rabin tumakin da aka aske sun taɓa kwana a wurina, sai su gane ni su fara gaisuwa. Gishiri na sauka saye."

"Ka ɗauki fuskar Malam?"

"Ban ɗauka ba."

"Za ka dafa hoton waliyyi ka rantse?"

"Da hannu biyu. Ban taɓa ta ba, ban shiga ɗakinsa ba."

"Za ka rantse ba ka san wanda ya ɗauka ba?"

Sifis ya ci gaba da tatsa. Nono na zuba a bokiti, shi kaɗai ake ji.

"Kai, da kai nake. Saje na tafe. Ka san inda za su kai ka. Ɗiyar da na riƙe a hannuna, wa zai ciyar da ita?"

"Kai mana. Ba don haka na zaɓe ka ba?"

"Kada ka yi mini wasa. Me ya sa ka yi gajeren taku daga maɓuɓɓuga zuwa coci?"

"Ƙafata ke ciwo."

Daidai nan wata tunkiya ta ɓalle. Sifis ya dira ta kan katanga kamar ɗan akuya, ya cafko ta. Da ya juyo suka haɗa ido, sai ya kau da kai.

"Uban ɗiyata, na yi sata a rayuwata, ban musa ba. Amma akwai abin da in na buɗe baki a kansa, ko tumakina ba za su ƙara kallona ba. Su kai ni tsibirin."

Rusos ya sauko da haushi, amma sha'awar sani ta fi haushin yawa. Ɓarawo yana rufa wa wani asiri, kuma ba don tsoro ba.

*

Malam Harilaos bai runtsa ba, idanunsa sun nuna. Ya share wa Rusos kujera daga tarin littattafai.

"An ce sawu ya nuna makiyayin."

"Sawu ya nuna ya wuce. Bai nuna hannunsa ba."

"Ka san sana'arka tana cikin wasannin dā?" Ko a cikin baƙin ciki, Malam ba ya iya barin darasi ya wuce. "Akwai yarinyar da ta gane ɗan'uwanta ya dawo don ta ga sawunsa a bakin kabarin ubansu. Sai dai babban mai falsafa da ya yi nazarin wasanni ya ce gane mutum ta tabo ko alama shi ne mafi ƙasƙanci. Ganewa ta gaske, in ji shi, ita ce wadda abin da ya faru da kansa ya tilasta maka."

"Shi wannan malamin naku ya taɓa ɓatar da akuya?"

Malam ya yi dariyar da bai shirya ba. "Ban ga inda aka rubuta ba."

"To ka gani. Ba ni ruwa, na sha hawa."

Malam ya ɗauko tulu daga lungu ya zuba masa. Rusos ya kai kofin baki, sai ya tsaya.

"Tulu nawa gare ka?"

"Ɗaya. Mutum ɗaya me zai yi da biyu?"

"Wanda aka fasa a ƙofarka fa?"

Malam ya dubi tulun da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Rusos ya kwance hankici a kan tebur ya shiga haɗa tsingaron. Gindin ya dagargaje, wuyan da hannun lafiya lau. Tulun da aka yi tuntuɓe da shi a gefe yake fashewa. Wannan ɗaga shi aka yi da hannu biyu aka sake shi a kan dokin ƙofa. A cikin wuyan ga wani ɗan reshen ɗoɗɗoya ya maƙale.

"Wane irin ɓarawo ne zai zo da tulunsa cike da ruwa daga gida?" Rusos ya faɗa a hankali. "Malam, gaya mini. Fuskar nan me take yi wa mai kallo, da har ka ba ta ranka?"

Malam ya zauna. "Masu falsafa sun ce mutum na yawo da tsoro da tausayi a ciki kamar ƙurji. Wasa ne ke matse shi ya fashe, ka koma gida da sauƙi. Amma sai an ba kukan abin da zai kama. Ana ba da labarin wani ɗan wasa na dā da aka ba shi matsayin mai kuka a kan tulun toka. Ɗansa bai daɗe da rasuwa ba. Sai ya ajiye tulun wasa, ya ɗauko na tokar ɗansa na gaske ya rungume a gaban jama'a. An ce ranar ba wanda ya fita da busasshen ido."

Rusos ya ajiye kofin bai sha ba.

"Ita wadda aka ɗauka, daga fuskar wa ka zuba ta?"

Malam ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki ga kwasfofin alli, kowace naɗe da tsumma. Shekarun baya yakan kwantar da mutum, ya shafa masa mai, ya lulluɓe fuskarsa da kwaɓaɓɓen alli, ya sallame shi da karan sigari. A cikin kwasfar yake manna ƙyalle ya fitar da fuskar aro. Ya miƙa wa Rusos guda. Rusos ya zura babban yatsa ciki, ya bi goshi, ya bi hanci, ya tsaya a haɓa, inda wani ɗan tudu ya karkace, alamar tsohon tabo. Ya san alfadarin da ya yi wannan harbin. Shi ya ɗauki yaron a kafaɗa ya kai wa uwarsa.

"Matiyos ne. Ɗan Garifaliya."

"Shi ne. Kafin ya shiga jirgin ruwa. Amma na ɗaga girar, na wangale bakin, na shafa launi. Samarin da suka yi wasan ƙasa da shi ma ba su gane ba."

"Hanyar maɓuɓɓuga ta gefen masussuka ta bi, Malam. Uwarsa kuwa kullum tana bin ta."

Malam ya karɓi kwasfar daga hannunsa.

"Ka zo masussuka da hantsi," in ji Rusos. "Ka zo da wannan."

Daga nan bai ƙara neman sawu a daɓe ba, ya san inda hanyar da ta zagaya ta coci take ƙarewa. A maƙabarta, gefen kabarin Stratis mijin Garifaliya, ga sabuwar ƙasa tsawon kamu biyu, an dasa ɗoɗɗoya a kai. Ga gurbin gwiwoyi biyu ƙanana sun nutse sosai. Gefe kuma ga diddige mai faci, ya dannu da ƙarfi kamar na mai taka shebur. Rusos ya cire hularsa.

*

Da hantsi gari ya taru a masussuka, maza a kan duwatsun da'ira, mata a tsaye baya. Saje ya iso da gumi, da ankwa a ɗamara. Sifis ya sauko da kansa, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya ya harɗe hannu. Rusos ya shiga tsakiya ya shimfiɗa hankicinsa.

"Fada bai ɗauka ba. Da shi ne da mun ga hayaƙi."

"Sosai kuwa," in ji Fada.

"Babis bai ɗauka ba, don abin ba ya sayuwa, shi kuma ko gaisuwa ba ya yi sai da riba."

Aka yi dariya. Saje bai yi ba. "Tsoho, an ce sawun wannan mutumin ka gani."

"Na gani. Daga maɓuɓɓuga ya fara, bai kai ƙofar Malam ba. Kuma taku ne gajeru, ya ɗora kowane a kan na wanda ke gabansa har ya shafe shi. Ku da kuka san Sifis, yaushe kuka taɓa ganin ya yi tafiya a hankali?" Ya ɗaga wuyan tulun. "Wannan ba na Malam ba ne, zuwa aka yi da shi. To ina tambayar matan garin nan, don su suka fi ni sani. Yaushe ake cika tulu da ruwa, a sa ɗoɗɗoya, a fasa shi a dokin ƙofa bayan an fita?"

Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Sauran suka bi ta.

"In an fitar da gawa," wata ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"In an fitar da gawa. Sannan a bi doguwar hanya ta coci, a kunna kyandir. Duk namijin da ya gamu da ita kuwa, ko maƙiyi ne, sai ya cire hula ya bi baya. Abin da Sifis ya yi ke nan. Saje, jiya ba sata aka yi a garin nan ba. Jana'iza aka yi."

"Jana'izar wa? Wa ya mutu?" Saje ya dubi Sifis. "Kai, wa ka bi?"

"Ban duba ba, ranka ya daɗe. Kaina na ƙasa."

"To za ka tuna a bariki. Miƙo hannu."

"Sake shi, ɗan nan."

Muryar a dishe take, amma masussuka ta kai ta kowane kunne. Mata suka dare, Inna Garifaliya ta shigo da'irar.

"Ni ya bi. Na ce ya koma, ya ƙi, har ya haƙa mini ramin. Ni na sa shi ya yi alkawarin shiru, don na san za ku ce na haukace." Ta juya ga Malam. "Rannan kuna gwajin wasa, na fito da tuluna zan je ɗibar ruwa, na ga ɗana tsaye a nan. A kan wuyan wani, da muryar wani, an yage masa baki har kunne. Amma haɓarsa ce. Ni na wanke jinin haɓar nan. Tun da takardar kamfanin jirgi ta zo, ba gawa, ba ƙashi, ba ko takalmi. Kowace mace a nan ta yi wa nata kuka a kan fuskarsa. Ni nawa kukan yana nan a wuyana kamar ƙashin kifi. Sai kai, Harilaos, ashe kana da shi rataye a ƙusa, za ka fito da shi ranar Lahadi mutane su tafa."

Ta dubi jama'a ta ci gaba.

"Na ɗora shi a kan rigarsa ta biki. Na rufe masa baki da mayafina. Na faɗa masa duk abin da nake da shi, har murya ta ƙare. Jiya na yi barci. Yanzu ku tono shi in kun iya."

Malam Harilaos ya matso. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa, sai wanda ya san shi zai yafe masa.

"Garifaliya, me kika ce masa? Da wace irin murya kika fara?"

"Ba naka ba ne."

Malam ya dube ta. Sannan ya gyaɗa kai. "Haka ne. Ba nawa ba ne."

"Malam," in ji Saje, "kai ka kira ni. An yi maka sata ko ba a yi ba?"

"Ba a yi ba. Ajiyar wani ce ta daɗe a wurina, mai ita ta zo ta karɓa. Ka yi haƙuri da wahalar hawa. Tsufa ne."

Saje ya mai da ankwarsa yana gunaguni a kan mutanen dutse. Babis ya kama hannunsa ya ce akwai sauran naman jiya, ai ba a mai da hukuma da yunwa.

Rusos dai idonsa na kan ƙunshin da ke hammatar Malam. Da wannan kwasfa, kafin Lahadi zai iya manna sabuwar fuska, ta bushe, a yi wasan da ya jira tsawon ransa. Malam ma ya san haka. Ya warware tsumman a hankali, ya dubi cikin kwasfar, ya daɗe yana dubawa. Sai ya miƙa mata da hannu biyu.

"Waccan aikina ce, na ɓata shi da launi. Wannan shi ne yadda yake. Bakinsa a rufe, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya, don allin na yi masa cakulkuli."

Ta karɓa. Ta zura tafin hannunta ciki ta kwantar a kan kuncin, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Wasan fa, Malam?" wani saurayi ya tambaya.

"Mutanen dā ba sa nuna mutuwar jarumi a fili. Wani ne ke shigowa ya ba da labari. Za mu yi kamar su."

Fada Anestis ya yunƙura ya tashi a kan ƙafa ɗaya. "An binne Kirista a garina ba limami, ba turare, sai ɓarawon tumaki. Wannan ba zai yiwu ba. Sifis, zo ka tallafe ni. Kai kuma Harilaos, kada ka ɗauka don gunkinka zan yi addu'a."

"Ban ɗauka ba, Fada."

Garifaliya ta shige gaba da kwasfar a ƙirji. Fada ya bi, rataye da kafaɗar Sifis. Da suka zo wucewa, Sifis ya ce ƙasa-ƙasa, "Uban ɗiyata, cukun nan yana nan fa."

"Na wane garke?"

"Kai ma dai, ana cikin makoki."

Malam ya cire hularsa ya bi su, maza suka cire nasu, mata suka ɗauki muryar da Garifaliya ta rasa. Suka zagaya ta coci, doguwar hanya.

Rusos ne na ƙarshe. A kwanar maɓuɓɓuga ya tsaya ya dubi ƙasa, don hali ba ya barin mutum. An shafe diddige mai faci, an shafe kome. Sawun gari guda ne a kan juna, manya da ƙanana, takalmin Atina da tafin taya, kuma duk cikinsu babu dogon taku ko ɗaya.

Ya gajarta nasa, ya bi su.